Faɗuwar Gaban da Ta Girmi Mai Ita: Daga Ɗan Wabi zuwa 'Ya'yan Malkohi

A shekarar 1990 wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Virginia ta Amurka, Ian Stevenson, ya fitar da sakamakon binciken da ya daɗe yana tara bayanansa. Yara 387 ya duba, dukkansu masu cewa sun taɓa rayuwa a wani jiki kafin wannan haihuwar. Ya tarar 141 daga cikinsu, wato kashi 36 cikin ɗari, suna fama da wani tsoro mai tsanani da iyayensu suka rasa tushensa, kuma galibi abin da yaron ke tsoro shi ne abin da ya ce ya yi ajalinsa a wancan zuwan. Cikin labaran da Stevenson ya rubuta akwai na wata yarinya 'yar Siri Lanka da aka haifa a 1962. Tun tana jaririya wanka ya zama yaƙi, sai an taru an danne ta, kuma ko daga nesa ta hango bas sai ta ɓarke da kuka. Da bakinta ya buɗe ta fara ba da labarin wata yarinya ta wani ƙauye na kusa, wadda ta kauce wa bas a kan hanyar da ambaliya ta shafe, ta faɗa gonar shinkafa mai cike da ruwa ta nutse. Aka bincika, aka kuwa sami yarinyar da ta mutu haka a 1961.

Stevenson ya rasu a 2007, kuma har ya bar duniya bai ce ya tabbatar da sake haihuwa ba. Iyakar abin da ya tsaya a kai shi ne, a wasu labaran ita ce bayanin da ya fi zama daidai. Amma in ka bi masu kafa hujja da aikinsa, za ka ga ba sunayen ƙauyuka da na dangi da yaran suka ambata ne suka fi cin ransu ba. Kukan ne. Cewa suke ana iya cusa wa yaro labari ya haddace, amma ba a koya masa karkarwa da zufa da sanƙarewa. Tunda jikin ya amsa, to lallai jikin ya san wani abu. Ni ma na yarda jikin ya san wani abu. Inda muka rabu shi ne, razana tana nuna cewa wani mugun abu ya faru, amma ba ta faɗin wanda abin ya faɗa wa, balle hanyar da labarin ya bi ya iso ga mai razanar. Babu kuwa inda ya fi dacewa a gwada wannan magana kamar Malkohi, a gefen Yola, inda 'yan gudun hijirar Gwoza da maƙwabtanta, mutanen da rayuwarsu ta tsinke gida biyu a 2014, suke renon 'ya'yan da ba su ga rabin farkon ba.

Ga Musulmi maganar aƙida a yanke take. Malamai suna kiran komawar rai cikin wani jiki tanasuhi, kuma sun haɗu a kan ɓacinsa. Aya ta 99 da ta 100 na Suratul Mu'minun sun kawo halin wanda mutuwa ta zo wa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ƙi, aka ce barzahu ne a gabansa har ranar tashi. Kiristocin Gwoza da Michika, waɗanda da yawansu 'yan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ne, su ma littafinsu mutuwa ɗaya ya ba ɗan Adam, sai shari'a. Saboda haka ba wanda zai je Malkohi neman yaron da ke cewa shi ne wane da ya mutu ya dawo. Sai dai hana aƙida bai share tunanin daga harshe da al'ada ba, kuma wurin da ya fi maƙalewa a ƙasar Hausa shi ne wabi.

Mace mai wabi ita ce wadda take haihuwa 'ya'yan suna komawa tun suna ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffi suka ce ai ɗa ɗaya ne ke zuwa yana tafiya, yana wasa da hankalin uwarsa. Yarabawa suna ce masa abiku, Ibo kuma ogbanje, kuma a can har alama akan yi wa gawar yaron don a gane shi in ya sake zuwa. Bahaushe dabararsa ta fi karkata ga nuna halin ko-in-kula. A ɗauki jaririn a kai shi juji a ajiye kamar an yar, sai wata tsohuwa ta je ta tsinto shi, sunansa ya zama Ajuji. Wata a ce mata Ayashe, wani Abarshi, wata Abarta, wani Ajefas. Manufar ita ce a nuna wa yaron, ko wa abin da ke janye shi, cewa ba wanda ya damu da shi a gidan nan, ko ya ji haushi ya zauna.

Abin lura a nan, wanda ya bambanta wabi da labaran da Stevenson ya tara a Siri Lanka da Indiya da wajen Duruzawan Labanan masu yarda da sake haihuwa, shi ne ɗan wabi ba ya ba da labarin komai. Ba a san Ajuji da cewa ya tuna zuwansa na farko ba. Mai tunawa uwar ce. Ita ce in yaron ya kai watan da yayansa ya rasu take daina barci, tana tashi cikin dare tana ɗora tafin hannu a ƙirjinsa ta ji ko yana numfashi. Zazzaɓin da maƙwabciya za ta ba wa farasitamol ta koma daka, ita cikinta ne zai ɗuri ruwa. In ta ɗaga adaka ta ci karo da 'yar rigar wanda ya tafi, yinin ranar ya lalace. Wata ma takan janye jiki daga jaririn, ta rage masa wasa, don kada ta saba da abin da take ganin aro ne. Duk alamun da aka gani a yaran Stevenson suna nan, abin tuni da firgita da gudun abin da ke tunatarwa, amma a jikin rayayyiya suke, wadda ta ga mutuwar da idonta. Yaron kuwa cikin wannan fargabar yake buɗe ido, da ita ake goya shi, kuma sunansa kaɗai ya isa ya gaya masa cewa akwai waɗanda suka riga shi.

Likitanci ya taɓo wani ɓangare na wannan sirrin. A 2001 Esther Nzewi ta wallafa binciken da ta yi a kan yara 100 da iyalansu suka ɗauka ogbanje ne a ƙasar Ibo. Gwajin jini ya nuna 70 daga cikinsu sikila ke damunsu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen wannan cuta, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Iyaye biyu masu ɗauke da ita suna iya binne 'ya'ya a jere, masu kama da juna, masu ciwo iri ɗaya. Ashe kakanninmu ba su yi kuskuren gani ba da suka ce abu ɗaya ne ke maimaituwa a ɗakin. Kuskuren yana wajen sunan abin.

Wanda zai fahimci Malkohi sai ya fara da damina da kakar 2014. A watan Agusta Boko Haram ta kama Gwoza, watanni kaɗan bayan kashe Sarkinta Idrissa Timta a kan hanya, kuma Abubakar Shekau ya fito a bidiyo yana shelar daularsa a can. Madagali ta faɗi, Michika ta bi baya a Satumba, ranar 29 ga Oktoba kuma Mubi, gari na biyu a girma a Adamawa. Jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a ƙafa, wasu ta cikin Kamaru. Mafi yawa gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah suka raɓe. Sauran suka cika harabar Majami'ar Saint Theresa da sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Damare da sansanonin Fufore da Malkohi. A farkon Mayun 2015 sunan Malkohi ya zaga duniya, sa'ad da sojoji suka kawo mata da yara 275 da aka kuɓutar daga dajin Sambisa, bayan tafiyar kwanaki a buɗaɗɗun motoci. Matan sun shaida wa 'yan jarida cewa da sojoji suka matso, masu tsaronsu sun jefe wasu da duwatsu har lahira, wasu motar yaƙi ta bi ta kansu suna ɓoye a ciyawa, wasu kuma nakiya ta tashi da su a hanyar fitowa. Ba a jima ba aka kwashe yawancinsu zuwa wani wuri. Waɗanda suka daɗe su ne mutanen Gwoza da maƙwabtansu, a cikin sansanin da kuma ƙauyen da ke jikinsa, inda suka yi ɗakuna suka kama noma a gonakin haya.

A wajen irin waɗannan mutane, maganar rayuwar baya ba ta buƙatar wata falsafa. Manomin da ya gaji gonakin tudu da kakanninsa suka dandaɓe da duwatsu hawa-hawa, mai rumbu da awaki da muƙami a unguwa, yau ɗan ƙodago ne a gonar wani. Gidan da ya sani an ƙone, maƙwabcin da zai shaide shi ya mutu ko yana Minawao a Kamaru. In ya ce “lokacin da muke gida”, wani mutum yake nufi wanda ba ya nan. Kuma kamar yaran Stevenson, waɗanda aka ruwaito wasunsu suna kuka a mayar da su gidansu na da, abin da tuni ke tayarwa ba tsoro kaɗai ba ne. Ƙamshin ruwan farko yana iya tayar da bege mai nauyin da ya fi na firgita, domin lokacin shuka ne, gonar kuma tana can.

Yadda abin tuni ke aiki a jiki ba ɓoyayye ba ne. Akwai wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, wanda aikinsa gane haɗari, kuma yana amsawa kafin sashen tunani ya gama tantance abin da ido ya gani ko kunne ya ji. A lokacin tashin hankali yana ɗaure haɗarin da duk abin da ya zo tare da shi: ƙarar babura da yawa a lokaci guda, warin taya mai ƙonewa, sa'ar da abin ya faru, har kalar tufa. Daga baya ɗaya daga cikinsu kaɗai ya isa ya sa zuciya ta buga, ƙafa ta ɗau rawa, tun mutum bai san dalili ba. Likitoci sun shigar da wannan hali cikin kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Bahaushe ya riga su da karin magana, cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai akwai inda ma'aunin likitocin ya gaza a Malkohi. An gina shi a kan cewa haɗarin ya wuce, saura ƙwaƙwalwa ta yarda. To ranar Juma'a 11 ga Satumban 2015 bom ya tashi a cikin wani tanti a sansanin Malkohi kansa, ya kashe aƙalla mutum 7, ya jikkata kimanin 20, a wurin da aka ce musu nan ne mafaka. A watan Oktoba wani ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu a Jimeta, ranar 17 ga Nuwamba kuma wani ya kashe fiye da mutum 30 a wata kasuwar Jimeta, kwanaki kaɗan bayan Shugaba Buhari ya ziyarci sansanin. Can gida ma ba a gama ba: ranar 29 ga Yunin 2024 mata 'yan ƙunar baƙin wake sun tayar da bama-bamai a Gwoza, a wurin biki da asibiti da jana'iza. Wanda ya zabura da jin ƙara a irin wannan hali, da wuya a ce masa ƙwaƙwalwarsa ce ke yaudararsa. Wani lokacin tsumman macijin ne da gaske. Duk mai son yi wa mutanen nan magani ya fara da amincewa da wannan, in ba haka ba za su saurare shi don ladabi kawai.

Tambayar da ta fi kusa da ta Stevenson ita ce ta yaran. A ɗauki misalin yarinyar da aka haifa a Malkohi a 2016. Ba ta taɓa ganin Gwoza ba, ba ta taɓa jin harbi a kusa ba. A ce tana da shekara uku, da dare babura uku suka wuce a jere a kan hanya, sai ta sheƙa ta shige ƙarƙashin gado tana kakkarwa. A ce kuma tana wasan ƙasa da ƙawayenta, aka ji tana tsara musu cewa yanzu “yaran”, wato 'yan Boko Haram, sun shigo, kowa ya ɗau ɗansa a hau dutse, alhali ba dutse a inda take. Da a ƙauyen Duruzawa ne, da an fara lissafin wa ya mutu a harin wata huɗu ko shekara kafin haihuwarta. Da an samu kuwa, domin a dangin da aka yi wa irin wannan ɓarna ba a rasa mamacin da labarin zai hau. Ga tsoron da ya riga wayo, ga bayanin wurin da ba ta taɓa zuwa ba, ga mamaci. Sharuɗɗan sun cika. Amma mun san hanyar da abin ya biyo, don a gabanmu ya biyo ta.

A 1985 James Sorce da abokan aikinsa suka yi wani gwaji da jarirai 'yan shekara ɗaya. Aka ɗora jariri a kan tebur wanda rabinsa gilashi ne, ta yadda in ya rarrafo tsakiya zai ga kamar rami ne mai ɗan zurfi a gabansa. Uwar tana tsaye a ɗaya gefen da abin wasa. Jaririn yakan tsaya a bakin ramin, ya dubi ƙasa, sa'an nan ya ɗaga kai ya dubi fuskar uwarsa. Da iyaye mata suka yi fuskar murna, jarirai 14 cikin 19 suka haye. Da suka yi fuskar tsoro, cikin 17 ko ɗaya bai haye ba. Ba wadda ta ce uffan. A shekarun 1980 ɗin dai Susan Mineka ta nuna cewa biran da aka haifa a ɗakin bincike ba sa tsoron maciji, amma da zarar sun kalli biran daji suna firgita da shi, su ma sun kamu, kuma tsoron ba ya saurin sakinsu. Ke nan ɗan wanda maciji ya sara ba ya buƙatar sara. Yarinyar Malkohi kuwa ba fuska kaɗai take karantawa ba. A baya take, ƙirjinta manne da bayan uwarta, duk sa'ad da babur ya wuce uwar ta sanƙare ta ƙara ɗaure majanyi, ita ma ta ji. Sau nawa hakan zai faru kafin a yaye ta? Wannan ne amsar masu cewa tsoron ya bayyana tun yaro bai iya magana ba, don haka ba koya ya yi ba. Koyon tsoro ya riga koyon magana.

Bayanan wuri kuma hirar dare ce ke kawo su. A ɗaki ɗaya ake kwana, manya suna zaton yaro ya yi barci, ana jajanta wa baƙon da ya zo daga Pulka ko Ngoshe, ana ambaton wanda aka yanka a bakin rijiya da hanyar da aka bi aka tsira. Yaro ɗan shekara uku bai iya rarrabe abin da ya gani da abin da ya ji ba, kuma manya ma ba su tsira daga wannan ba: Elizabeth Loftus ta nuna a 1995 cewa ana iya sa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen da aka gwada su “tuna” sun taɓa ɓata a kasuwa suna yara, alhali ƙirƙirar labarin aka yi. Marianne Hirsch ta Jami'ar Columbia ta yi rubutu mai yawa a kan 'ya'yan Yahudawan da suka tsira daga kisan kiyashin Nazi, waɗanda labaran iyayensu suka zauna musu kamar su suka gani, har suka danne nasu tunanin na ƙuruciya. Akwai kuma masu neman hanyar ta cikin jini. Rachel Yehuda ta duba mata masu ciki da harin 11 ga Satumban 2001 ya rutsa da su a New York, ta ga waɗanda suka kamu da ciwon firgita sinadarin kotizol ya yi ƙasa a jikinsu, haka ma a jikin jariransu. Matan 38 ne kawai, kuma masana ba su gama jayayya a kan ma'anar sakamakon ba, don haka ba zan jingina hujjata da shi ba. Goyo da hira sun wadatar.

Gadon tsoro a duwatsun Mandara, yankin su Gwoza da Madagali, bai fara da 2014 ba, kuma a nan ne maganar dawowar mamaci ta fito fili ta wata fuska. Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya bar littafin da ake rubuta masa al'amuran yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawan Ingila suka tuɓe shi. An buga fassararsa a 1995. A ciki yana lissafa hare-haren da ya aika kan mutanen tudu, Sukur da maƙwabtanta, da adadin shanu da bayin da aka kamo, waɗanda jimillarsu ta haura 1,000, mafi yawa mata da yara. Masu bincike a yankin, cikinsu har da Scott MacEachern a littafinsa na 2018 a kan Boko Haram, sun ruwaito cewa mutanen tudu da dama da sunan Hamman Yaji suke fassara abin da ya same su, suna ganin Shekau a matsayin magajinsa. Kusan duk masu faɗin haka ba su ga Hamman Yaji ba. A bakin kaka suka san shi. Amma da mahara suka zo suna kwashe 'yan mata, jama'a suka nufi kan duwatsu da kogunan da kakanninsu suka ɓuya. Tsoron da aka gada ya yi kusan shekara 90 yana jira, kuma da ranar ta zo ya yi wa wasu amfani. Wannan ya kamata ya sa mai gaggawar kiran kowace razana cuta ya ɗan dakata.

Za a ce duk wannan bai warware labarin yarinyar Siri Lanka ba, tunda ba uwarta ce ta nutse ba. Gaskiya ne, kuma akwai kaɗan daga labaran Stevenson da bayanin goyo da hira bai rufe su ruf ba. Amma a duba yadda aka tattara su. Yawanci yakan iso ne bayan iyalan biyu sun riga sun haɗu sun gauraya labari, da tafinta yake aiki, kuma mafi yawan labaran daga al'ummomin da dama can sun yarda da sake haihuwa suka fito. Da ya zo ƙasar Ibo a shekarun 1980, mamatan da aka ce sun dawo galibi 'yan gida ɗaya ne da yaran, wato inda hirar dare ta fi samun hanya. Tsoron ruwa da na ƙara mai ƙarfi kuwa ruwan dare ne a wajen ƙananan yara ko'ina. Wasu malamanmu sukan ce aljanin da ya zauna da mamacin ne ke raɗa wa yaron. Wannan magana ce ta gaibu, ba ta shiga ma'aunin bincike, kuma a kula, ita ma cewa take labarin daga waje ya shigo.

Dalilin da ya sa wannan jayayya ba ta zaman shan shayi ba ce shi ne, inda aka ɗora asalin tsoro, can ake kai magani. Uwa takan je wurin malami ta ce, “Allah gafarta malam, yarinyar nan ba ta barci, sai firgita.” A yi tofi, a ba da rubutu, a ce a riƙa yi mata addu'ar kwanciya. Ban raina wannan ba. Addu'ar da uwa ta yi da natsuwa a kan ɗiyarta tana kwantar da su biyun. Amma da malam zai ƙara da tambaya ɗaya, “Ke fa, kina samun barcin?”, da ya taɓo inda ciwon yake. Haka ma'aikacin ƙungiyar agaji da ke tara yara su yi zane a ƙarƙashin rumfa, sa'an nan su koma ɗakin da uwa ke kwana da takalmi a kusa da kai. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Ba likita ne zai isa kowane ɗaki a Malkohi ba. Waɗanda ke isa su ne ungozoma da malamar Islamiyya da limami da fasto da shugabar mata, kuma abin da ya kamata a koya musu bai da yawa: su gane cewa yaro mai firgita sau da yawa manzon gidansu ne, su kuma san lokacin da za a tura babba asibiti a Yola.

Akwai kuma batun komawa. Tun da gwamnatin Borno ta sa ƙarshen 2021 a matsayin wa'adin rufe sansanonin Maiduguri, manufar hukuma a yankin ta karkata ga mayar da kowa garinsu. Ana lissafin buhunan abinci da kwanon rufi da kuɗin mota. Abin da ba ya shiga lissafin shi ne, ga babba, komawa shiga ce cikin tsakiyar abubuwan tuni, kowace kwana da abin da ya faru a cikinta. Ga yaron da aka haifa a Malkohi kuwa, wanda yanzu ya kai shekara goma ko ya kusa, za a kai shi wurin da ya sani ciki da bai ba tare da ya taɓa taka shi ba, kuma galibin abin da ya sani game da shi na ranar gudu ne. Zai bar makarantarsa da abokan da yake Hausa da Fulatanci da su. Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya duk a Yola suke, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga sansanin. Nazarin da ya dace da su shi ne su bi waɗannan yara tun kafin a kwashe su, su rubuta abin da kowane yaro ke tsoro da abin da yake cewa ya “tuna”, su gwada shi da abin da uwarsa da kakarsa suka gani, sa'an nan su sake tambayarsa bayan shekara biyu a Gwoza. Damar da Stevenson ya yi ta nema ke nan bai cika samu ba, wato a iso kafin labari ya gauraya, shaidu kuma suna raye.